Hattara da 'yan damfarar "kwamfutar gem" mai araha a Sakkwato

Tallan yakan zo da kama ɗaya a zaurukan WhatsApp da Facebook: akwati mai gilashi a gefe, fankoki uku masu canza launi, a ƙasa an rubuta "Core i7, ram 16GB, girafik 4GB, tana jan GTA V da eFootball". Farashin kuma bai kai na waya mai ɗan kyau ba. Ɗalibai da masu son buɗe gidan gem ake hari. Fitilun nan kyan ɗan maciji ne, su ne mafi araha a duk akwatin. Cutar tana ciki.

Mu fara da katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton gem, domin nan kuɗin yake, nan kuma aka fi yankan mutane. Wanda ake yawan yi wa jabu shi ne GTX 1050 Ti. Na gaskiyar ya fito a 2016 da ma'ajiya 4GB. Abin da macuta ke yi, sai su samo tsohon GTS 450 na 2010 mai 1GB, su sauya masa BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin katin, su ɗaura masa sabuwar fanka. Idan ka kunna, Windows za ta rubuta maka GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro, don abin da katin ya faɗa mata take maimaitawa. Ƙaramin gem zai buɗe lafiya. Ranar da ka sa babba ya nemi fiye da 1GB, sai hoto ya tsaya cak ko gem ɗin ya rufe kansa.

Gane shi ba wuya. Juya bayan katin: idan ka ga shuɗiyar kafar VGA mai ramuka 15, ajiye shi, don 1050 Ti na asali ba ya zuwa da ita. Sannan ka zo da manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan katin girafik, a filash ɗinka, kada ka yarda da wadda ke kan kwamfutar mai kaya. Duba layin Shaders: na gaskiya 768, jabun 192. Sau da yawa ma manhajar da kanta takan rubuta FAKE a gaban sunan. Wata alamar kuma, mai kaya ya ce maka "ga direban da ke kai, kar ka sabunta". Direba a nan manhajar da ke tafiyar da katin ce, kuma ya san sabon direban NVIDIA, kamfanin da ya ƙirƙiro GTX, zai tona asiri.

RX 580 mai 8GB kati ne mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, amma shi ma da nasa tarkon. Cikakkensa yana da Shaders 2304. Akwai wani da aka yi wa kasuwar Caina mai suna RX 580 2048SP, wanda a aiki ɗan'uwan RX 570 ne. Ba laifi a saye shi a farashinsa, laifin a sayar maka da shi da sunan cikakken. Yawancin na hannu kuma sun sha haƙar kirifto dare da rana, aka zubo su kasuwa bayan Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumban 2022. Wasu lafiyarsu lau. Wasu gasa su aka yi da bindigar zafi don su farfaɗo na ɗan lokaci. Haska allon katin da tocila: launin ƙasa-ƙasa kewaye da ƙwayoyin ma'ajiya, ko kan sukurori da ya cinye saboda yawan kwancewa, duk labari suke ba ka.

Gwajin minti biyu a shago mai sanyin AC ba gwaji ba ne. Kwamfutar nan ɗakinka za ta zauna a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da za ta toshe fankoki. Kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki mai tsanani don gwaji, minti 20 cur. Idan zafin katin ya wuce digiri 85, ko ɗige-ɗige da layuka masu launi suka fito a fuska, ko ta mutu ta taso, an gama magana.

"Core i7" kuwa, wato sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba tare da lamba ba, zance ne kawai. i7-2600 ta 2011 ce, kuma i3-12100F ta 2022 ta fi ta gudu a gem nesa ba kusa ba. Wasu ma tsohuwar Xeon, ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin saba (server), suke sakawa su ce "daidai take da i7". Manhajar CPU-Z za ta nuna maka ainihin lambar, da ko ram ɗin, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, tsohon DDR3 ne ko DDR4.

SSD na jabu, wato ma'ajiyar fayiloli, ya fi cin rai. An yi masa dabara yana nuna 1TB alhali cikinsa kaɗan ne. Da ya cika sai sabbin fayiloli su riƙa lalacewa. Manhajar H2testw ke kama shi, sai dai yana cin awanni, don haka a yi yarjejeniyar mayarwa a rubuce kafin a biya.

Akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke ce wa fawa fak, shi mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ke ƙona komai. Kar ka kula da "650W" da aka buga da manyan haruffa. Karanta takardar gefe, nemo layin +12V, ninka amfiyarsa da 12. Idan 18A aka rubuta, wat 216 ke nan, alhali RX 580 shi kaɗai yana jan kusan 185. Ɗaga shi ma a hannu, jabu sakayau yake kamar gwangwanin da ba komai. Haɗa irin wannan da wutarmu mai hawa da sauka ko janareto, ka san sauran.

Hanyar araha ta halas tana nan, ba mu ce babu ba. Tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP, a ƙara mata ram da SSD, a sa mata GTX 1650 ko 1050 Ti irin wanda ke shan wutarsa daga madabod, wato babban allon kwamfutar, wat 75. A lura dai, siririn akwati gajeren kati kawai yake ɗauka, kuma fawa fak ɗinsa galibi ba shi da wayar wuta mai fin 6 ko 8 da manyan katuna ke buƙata.

Sai masu cewa kaya na Legas ko Kano, ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami a sa maka a mota. Cinikin biri a sama ke nan. Bayan ka tura sai "direba" ya kira yana neman kuɗin webil, daga nan layi ya mutu. Nemi a kira ka ta bidiyo, a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a ajiye kusa da kwamfutar tana kunne, GPU-Z a buɗe. Duba ko sunan asusun banki ya yi daidai da na mai shagon. In kana da ɗan'uwa a garin, ya je ya taɓa kayan da hannunsa. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya kira bankinsa a ranar, ya adana rasit da hotunan hirar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC kafin a kwashe kuɗin zuwa wani asusun.