Hular Kwano Mai Rufe Fuska Ko Mai Buɗe Fuska?

Masu babura a Maradi suna yawan tambayata wace hular kwano ta fi dacewa: mai rufe fuska har haɓa, ko wadda ta bar fuska a waje.

Ta wajen kariya, mai rufe fuskar ce gaba, domin idan mutum ya faɗi ta ka, haɓa da haƙora na cikin wuraren da suka fi dukan kwalta, kuma gilashinta yana tare ƙurar hunturu da tsakuwar da manyan motoci ke watsowa. Aibinta nauyi da zafi. A watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, na sha ganin ɗan kabu-kabu ya cire ta ya rataye a hannun babur, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

Mai buɗe fuskar ta fi sauƙin kuɗi, tana shan iska, direba yana jin fasinja sarai. Kowacce ka saya, duba tambarin E, wato alamar cewa ta cika ƙa'idar inganci, a madaurinta, ka ɗaure shi sosai, ka kuma sauya ta bayan mummunar faɗuwa.

Mai bin hanyar Damagaram ko Ɗan Isa da gudu, mai rufe fuskar ce tasa. Mai zagayen cikin gari a hankali, ɗayar za ta ishe shi.