Audugar mata mai wankuwa: kayan kirki, sai dai kunya tana ɓata su

Kunzugu ne na zamani. Irin wadda teloli mata ke ɗinkawa shimfiɗa uku ce: yadin auduga mai laushi a sama, tawul ninki biyu ko uku a tsakiya, sai wani yadi mai roba-roba a ƙasa da ke hana jini ɓullowa. Tana da fukafukai biyu da maɓalli, a naɗe su a wando. Kafin ki biya, zuba mata ruwa cokali biyu ki danna da yatsa. In ya kwanta a sama, wataƙila leda aka haɗa a yadin, wadda kan sa yarinya zufa da ƙaiƙayi. In ya ɓullo ta baya, ajiye musu kayansu.

Guda huɗu ba za su isa ba, ko me mai shago ya ce. Ana canzawa duk awa 4 zuwa 6, haila kuma takan kai kwana 7, don haka takwas ake so, biyu daga ciki dogaye na dare. A zafin Afrilu na Birnin Kebbi kafin la'asar ta bushe, amma a Agusta, musamman wajen Yauri inda iska ke da laima, tawul ɗin yakan kwana da danshi.

Wanki ba wuya. A jiƙa rabin awa a ruwan sanyi, domin ruwan zafi dafa jinin yake yi ya kama yadi. A cuɗa da sabulu, a ɗauraye sosai. Bilic yana cinye robar, dutsen guga yana narkar da ita.

Matsalar tana wurin shanya. Yarinya 'yar shekara 12 ba za ta rataya ta a igiyar tsakar gida gaban yayyenta maza ba. Sai ta tura ƙarƙashin katifa ko bayan akwati da danshinta, ta yi fumfuna da wari, gobe ta mayar jikinta. Nan ƙaiƙayin gaba ke samo asali, a ɗora wa telan laifi. Dabarar ita ce a shanya a rana a yafa mata siririn mayafi, a ƙulla igiya daban a bayan ɗaki.

Shi ya sa ba a miƙa wannan fakitin a leda a juya baya. In 'yar fari ce, alkunya ta hana uwa, goggo ko kaka ta zauna da ita tun tana shekara 9 ko 10, kafin jinin ya zo. "Kin girma, ki kiyayi maza" bai koyar da komai ba. A gaya mata daga ina jinin yake, yadda ake wankan tsarki, da cewa ciki yana iya shiga tun kafin hailar farko. A ce mata: "Duk wanda ya taɓa miki jiki, ko wane ne, zo ki faɗa mini, ba zan dake ki ba."

Jinin da ya wuce mako, ko mai cika auduga duk awa, na asibiti ne. In an je, a tambayi rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi kyauta a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Ga 'yar makarantar kwana da ba ta da ruwa wadatacce, a haɗa mata da ta yarwa fakiti ɗaya.