Ci gaba da zama ko janyewa: zaɓin Amurka a Afganistan

Masu cewa ya kamata a ce sojojin Amurka sun ci gaba da zama a Afganistan suna da hujja mai nauyi, ba na raina ta. Sun ga Iraƙi: sojojin Amurka sun fita a Disamba 2011, a Yuni 2014 mayaƙan ƙungiyar IS mai iƙirarin jihadi suka kama birnin Mosul. A Afganistan kuwa, Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga Agusta 2021, tun kafin jirgin ƙarshe na sojojin Amurka ya tashi, daga baya aka rufe wa 'yan mata makarantun sakandare. Wannan har yanzu yana ci mini rai.

Duk da haka, ina tare da masu janyewa. Daga 2002 zuwa 2021 aka yi ta horar da sojojin Afganistan ana zuba kuɗi, amma gwamnatin da aka kafa ta rushe cikin 'yan makonni. Ƙarin shekara biyar me za ta gyara? Kowane samamen dare, kowane bam da ya faɗa kan fararen hula, sabbin mayaƙa yake haifar wa Taliban. Tarayyar Sobiyat ma ta gwada ƙarfin soja a Afganistan, daga 1979 zuwa 1989, ba ta yi nasara ba.

Inda nake ganin laifin Amurka shi ne yadda ta fita: yarjejeniyar Doha ta Fabrairu 2020 da Taliban aka ƙulla ta, babu gwamnatin Kabul a teburin.