Rigar Mama Mai Ƙarfe da Ta Auduga Mara Ƙarfe: Wacce Ta Fi Dacewa da Matar Karkara?

Matar da ta shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, za ta tarar da rigar mama iri biyu a gaban 'yan koli: mai ƙarfe a ƙasan kofi (wato mazaunin nono), da ta auduga mara ƙarfe.

Mai ƙarfe tana ɗaga ƙirji, tana kuma gyara zaman riga, shi ya sa ake yawan zuba ta a lefe. Sai dai ga macen da za ta wuni tana surfe da daka da jan guga a zafin bazara, ƙarfen yakan gurje fata, kuma idan wanki ya ci yadin, yakan ɓullo ya soki hamata. Mai shayarwa kuwa, matsin yana iya toshe mata hanyar ruwan nono, abin da ke kawo kumburi da ciwo.

Ta auduga ba ta fitar da siffa haka, kuma takan saki da wuri, amma tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa. Ni ita nake fifitawa domin aikin yau da kullum, a ajiye ɗayar sai ranar biki.

Kowacce aka zaɓa, awo ne kan gaba, kuma abin takaici kunya kan sa mata su aiki yaro ya sayo da ka. Lamba, kamar 34 ko 38, ta kewayen ƙasan ƙirji ce, harafi kuma, kamar B ko D, na girman kofi ne. Maɗaurin da ya zagaye jiki shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ba igiyar kafaɗa ba, don haka ya zauna daidai a baya, yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa.