Sharhi: Hayar kwalekwale a kogin Gardon, da kuma yawon daren Alhamis a birnin Nîmes

Duk wanda ya sauka a Nîmes, a kudancin Faransa, za a ce masa ya je ya ga gadar Pont du Gard. A ganina, hanya mafi kyau ta ganinta ita ce ta cikin ruwa. Na yi hayar kwalekwale a ƙauyen Collias, kimanin kilomita 25 daga Nîmes, kuma kuɗin ya biya, duk da akwai inda masu hayar suka gaza.

Tafiyar da aka fi yi kilomita 8 ce, daga Collias zuwa wajen Remoulins. Awa 2 ce idan ba a tsaya ba, amma a ware awa 4, domin babu mai wuce waɗannan gaɓoɓin tsakuwa bai tsaya ya yi wanka ba. Za a ba ku kwalekwalen roba, filafili, rigar hana nutsewa, da 'yar ganga mai murfi ta ajiye waya da abinci. Sharaɗin farko shi ne iya iyo. A ƙarshe motarsu ke mayar da ku Collias.

Gangar nan ita ce ke yawan jawo asara. Murfinta na murɗawa ne, kuma idan ya hau a karkace za a ji kamar ya rufe, alhali ruwa na shiga ta gefe. A kwance shi, a sake murɗawa har ya zauna daidai, sannan a ɗaure gangar da igiyar jirgin. Bayanin da aka yi mana a bakin ruwa bai wuce 'yan mintuna ba, da Faransanci cikin sauri, kuma ba a taɓo wannan ba. Haka batun zama: mai nauyi ke zama a baya, shi ne mai juya jirgi, na gaba kuwa tuƙi kawai. Idan kowa na juyawa, jirgin sai ya riƙa kewaye wuri ɗaya. In ruwa ya tura ku kan dutse, ku karkata wajen dutsen. Wanda ya kauce baya ya ba wa ruwa gefen jirgi, nan take zai kife.

Lokaci ma abin lura ne. A watan Yuni ruwa na da yawa, jirgi na tafiya sumul. A Agusta yakan ja baya, har sai an sauko an ja jirgin a kan tsakuwa, don haka a sa takalmi mai rufi, silifa ruwa ke tafiya da ita. A tashi ƙarfe 9 na safe, kafin rana ta take da cunkoso, kowa da ruwan sha lita ɗaya da rabi da hula. Daga Satumba kuma a duba hasashen yanayi sosai, Gardon kogi ne mai cika farat ɗaya, ambaliyar Satumbar 2002 ta yi mummunar ɓarna a yankin.

Gab da ƙarshen hanya kogin ke lanƙwasa, sai ga gadar tsaye a gabanka, hawa uku, tsayinta kusan mita 49. Rumawa suka gina ta a ƙarni na 1 don ɗaukar ruwa daga Uzès zuwa Nîmes, hanyar kusan kilomita 50. Daga ƙasa ake ganin girman tubalan dutsen da aka jera, da kawunan duwatsun da suka fito waje inda magina suka kafa katakon hawa. A ɗaga filafili a bar ruwa ya ratsa da kai ƙarƙashinta a hankali, wannan mintin shi aka biya wa kuɗi.

In da hali a zaɓi ranar Alhamis. A Yuli da Agusta, kowace Alhamis da yamma dandalolin tsohon garin Nîmes na cika da makaɗa, masu sana'ar hannu da masu sayar da tsofaffin kaya, kuma yawo a ciki kyauta ne. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 da rabi a Yuli, saboda haka akwai sararin hutawa a lambun Jardins de la Fontaine kafin a gangara wajen Maison Carrée, tsohon haikalin Rumawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2023. Gidajen abinci ba sa fara na dare sai ƙarfe 7. Mai gudun naman da bai san yankansa ba ya nemi brandade, busasshen kifi ne da ake kirɓawa da man zaitun da madara, abincin garin ne na asali.

Mai iyali ya kauce wa kwanakin Feria, ta lokacin idin Fentikos na Kiristoci da ta Satumba. Biki ne na wasan bijimai a tsohon filin Rumawa, giya na kwarara har asuba, ɗakunan otal kuma sun cika tun da wuri.