Taswirar malalar mai ta NOSDRA: amfaninta da iyakarta

Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a shekarar 2006 domin gano malalar ɗanyen mai a Najeriya da sa ido kan tsaftace ta, tana da wata taswira a intanet mai suna Oil Spill Monitor, wadda kowa ke iya buɗewa ba tare da biyan ko sisi ba. Na shafe kwanaki ina bibiyar ta, kuma hukuncina shi ne tana da amfani ƙwarai ga wanda ya san daga ina alƙalumanta suke fitowa.

Da zarar an buɗe ta, sai a ga ɗigo-ɗigo sun yi cincirindo a jihohin Ribas da Bayelsa da Delta, kowane ɗigo yana wakiltar wata malala da aka kai rahotonta. Idan aka taɓa ɗigo guda, yakan nuna ranar da abin ya faru, da kamfanin da ke da bututun, da yawan gangunan da aka ƙiyasta sun zube, da kuma dalilin zubewar. Ga ɗan jarida, ko lauya, ko shugaban wata al'umma ta masunta, samun wannan bayani a wuri ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da malala cikin sa'o'i 24, kuma a nan ne talaka zai iya duba ko an rubuta wadda ta lalata masa gona.

Gurbin da ya fi jan hankalina shi ne na dalili, saboda a kansa ne diyya ta rataya. Idan aka rubuta cewa tsatsa ce ta ci bututun ko na'ura ce ta lalace, kamfani zai biya. Idan kuwa aka ce ɓarayin mai ne suka fasa, jama'ar wurin sukan tashi a tutar babu, ko da yake tsaftace wurin yana nan a wuyan kamfanin. Wannan bayani yana fitowa ne daga ziyarar binciken haɗin gwiwa tsakanin jami'an gwamnati da kamfanin da wakilan al'umma, kuma ƙungiyar Amnesty International ta nuna a 2013 cewa kamfanoni ne ke da rinjaye a irin wannan bincike, tunda su ke da kayan awo da jiragen shiga fadamu.

Abin da ya faru a garin Bodo na ƙasar Ogoni ya isa misali. Rahoton binciken malalar farko ta 2008 ya ce ganga 1,640 ne suka zube, alhali wani ƙiyasi mai zaman kansa ya nuna sun haura 100,000, kuma sai da masunta suka kai ƙara wata kotu a Landan kafin kamfanin Shell ya amince a 2015 zai biya su fam miliyan 55. Saboda haka duk adadin da aka gani a taswirar, a ɗauke shi a matsayin abin da aka amsa, domin abin da ya shiga ruwa yana iya fin haka nesa ba kusa ba. Akwai ma wuraren da ba a rubuta adadin ba sam.

Duk bayanan da Turanci suke, abin da zai takaita masu cin moriyarsu. Duk da haka ina ba 'yan jaridar Bauchi da Gombe shawarar su saba da taswirar tun yanzu, ganin cewa tun a watan Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani da ke kan iyakar jihohin biyu, yankin da manoma da makiyaya suka dogara ga ƙasa da ruwan da bututu zai ratsa.