Ciwon gaɓar babban yatsan ƙafa: a kankare ƙashi ko a haɗe gaɓar?

Ana maganar ciwon da guringuntsin gaɓar gindin yatsan ke cinyewa, ƙashi ya tsiro a samanta ya tokare ta. Idan takalmi mai taurin ƙasa da maganin ciwo sun kasa, likitan ƙashi yakan kawo zaɓi biyu na tiyata.

Kankarewa ta fi sauƙi. Ana cire tsiron ƙashin da ke tokare yatsan daga sama, tare da kusan kashi 30 cikin 100 na saman kan ƙashin ƙafa da yatsan ke haɗe da shi. Ana taka ƙafa da wuri cikin takalmin asibiti, a cire ɗinki bayan mako 2. Yatsan zai ci gaba da lanƙwasuwa, abin da mai sujada ko tsugunno ke bukata. Amma sharaɗinta guringuntsin tsakiyar gaɓar bai cinye ba. Idan likita ya danna yatsan ya juya ka ji zafi can ciki, kankarewa ba za ta wadatar ba, ciwon yakan dawo.

Nan ne haɗewa ta fi. Ana goge ragowar guringuntsi, a ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi ko farantin ƙarfe, yatsan a ɗan ɗage. Sukan haɗe cikin mako 6 zuwa 12. Zafin yakan tafi, amma lanƙwasa ta tafi ke nan, takalmi mai tsini ma sai haƙuri. Sigari da ciwon sukari kan hana ƙashin kamawa.